Duniya Makaranta: Ɗan Gidan Haya a Tsibirin Skye

A ƙasar Birtaniya akwai wata daɗaɗɗiyar al'ada ta yin hutu, watau magidanci ya kwashi iyalinsa su tafi wani ƙauye mai nisa, ya kama hayar ɗan ƙaramin gida na mako ɗaya ko biyu. A cikin gidan zai tarad da gadaje da shimfiɗu da tukwane da murhu, amma babu kuku babu boyi. Mai gida zai miƙa masa makulli ya yi tafiyarsa, sauran cefane da girki da shara duk na baƙo ne. Da safe a fita yawon buɗe ido, da yamma a komo gida, kashegari kuma a nufi wata fuskar. Ɗaya daga cikin wuraren da wannan al'ada ta fi ƙarfi shi ne wani tsibiri na ƙasar Sikotlan, a arewacin Birtaniya, wanda ake rubuta sunansa Skye, ake furtawa Sikai. Labarin waɗannan 'yan gidaje yana da daɗin ji, amma kuma akwai hawaye a bayansa, kuma akwai gardama a kansa har yau.

Shi wannan tsibiri yana daura da gaɓar yamma ta Sikotlan, a cikin jerin tsibiran da ake kira Hebrides. Tsawonsa ya kai mil 50, girmansa kuwa murabba'in mil 639, amma teku ta yi ta kutsawa cikinsa ta kowace fuska har ta yayyanka shi ya zama kamar yatsun hannu, ta yadda da wuya mutum ya tsaya a wani wuri da ya fi mil biyar daga ruwan gishiri. A ƙidayar 2011 mutanensa ba su wuce 10,000 da 'yan kai ba. Babban garinsu shi ne Portree, mai tashar jiragen kamun kifi, wanda wasu ke cewa ma'anar sunansa tashar sarki, domin Sarki James na Biyar ya yada zango a can a 1540. Mutanen Norway sun daɗe suna mulkin tsibirin kafin yarjejeniyar 1266 ta mai da shi hannun Sikotlan, shi ya sa sunayen ƙauyuka da yawa har yanzu daga bakinsu suke. 'Yan ƙasa kuwa suna da harshensu na gado, Galik, wanda ba shi da kama da Turanci ko kaɗan, kuma a cikinsa sukan yi wa tsibirin laƙabi da tsibirin hazo.

Hanya da masauki

Wanda ya taso daga birnin Gilasgo da mota zai yi tafiyar mil 200 da wani abu, wajen awa biyar ko shida, ta cikin duwatsu da tafkuna. Jirgin ƙasa ma yana kai mutum bakin teku ta hanya biyu, ɗaya daga Gilasgo zuwa Mallaig, inda jirgin fito yake ɗaukar mutane da motoci ya tsallakar da su Armadale, ɗaya kuma daga Inverness zuwa Kyle of Lochalsh, inda gada take. An buɗe wannan gada a 1995, aka sa mata kuɗin tsallakawa mai tsanani, har mutanen tsibirin suka yi ta ƙin biya da gangan, 'yan sanda suka kama ɗaruruwansu. Ba su daina ba sai da gwamnati ta soke kuɗin a watan Disamba na 2004. Mai karatu ya riƙe wannan, gama zai sake gamuwa da irin wannan taurin kai nan gaba.

Abin da ya sa ɗan gidan haya ya fi otal dacewa da wannan wuri shi ne yanayin tsibirin kansa. Na farko, abubuwan kallo a warwatse suke, kowane yatsa na ƙasar yana buƙatar yini guda. Na biyu, sararin samaniyarsu ba shi da alkawari: a wayi gari da rana, kafin hantsi ruwa ya kece, kafin azahar hazo ya rufe duwatsu ƙaf. Wanda ya zo a cikin babbar mota ta 'yan yawo, aka ba shi awa ɗaya a kowane wuri, to sai abin da ya tarar. In hazo ne, hazon ya gani. Amma mai gida na mako guda yana iya leƙa taga ya duba gari, in ya ga dutse ya fito sarai ya nufi dutse, in ya ga hadari ya nufi gidan tarihi, ko ya zauna bakin murhu ya shanya rigunansa. Bugu da ƙari, wanda yake da ƙa'ida a kan abin da yake ci ya sami sauƙi, domin tukunya tana hannunsa, ga kifi da dankali da madara da ƙwai a yalwace. Manyan kantunan cefane suna Portree da Broadford, saboda haka mai hankali yakan yi sayayyarsa tun kafin ya nausa ƙauye.

Yawanci ana ba da hayar ne daga Asabar zuwa Asabar, kuma wanda yake son zuwa tsakanin Mayu da Satumba sai ya kama wuri tun da watanni. Lokacin ne rana take da tsawo. A ƙarshen Yuni takan fito wajen ƙarfe huɗu da rabi na asuba, ba za ta faɗi ba sai bayan ƙarfe goma na dare, watau kusan awa 18 ana cikin haske. A Disamba kuwa hasken bai cika awa bakwai ba. Sai dai kowane allazi da nasa amanu: tsakiyar bazararsu ce lokacin waɗansu ƙwari masu cizo, waɗanda ba su kai sauro girma ba, masu fitowa dubu-dubu da sassafe da almuru idan iska ta kwanta. Ba sa ɗauke da zazzaɓi, amma sun isa su kori ƙato daga tsakar gida. Don haka masana wurin suka fi yaba watan Mayu.

Mako guda daga ƙofar gida

A ce baƙo ya kama gida a tsakiyar tsibirin, kusa da Portree. Ranar farko ya nufi arewa, yankin Trotternish. Bayan mil bakwai kacal zai hango wani dogon dutse tsaye shi kaɗai kamar tabarya, tsayinsa kusan mita 50, wanda ake kira Tsohon Storr. Gaba kuma akwai Quiraing, inda ƙasa ta zaftare tun zamanin da ba a sani ba, ta bar tsaunuka da ramuka da filaye a karkace, kuma har yanzu tana motsi a hankali, shi ya sa hanyar motar da ta bi ta gindinta ba ta rabuwa da gyara. A bakin teku kusa da Staffin, idan ruwa ya janye, ana ganin sawun manyan dabbobin dā da ake kira dainoso a jikin fa, waɗanda masana suka ce sun haura shekara miliyan 160.

Rana ta biyu ya yi yamma zuwa Dunvegan, fadar shugabannin zuriyar MacLeod, wadda suka yi wajen shekara 800 suna zaune a cikinta. A can ake ajiye da wani tsohon ƙyallen siliki da ya kusa cinyewa, wanda zuriyar take cewa tuta ce da aljanu suka ba kakanninsu don ranar yaƙi. Masu bincike kuwa suna ganin daga Gabas ta Tsakiya aka saƙo shi, ƙarnuka da yawa kafin a gina fadar. Daga nan hanya ta miƙe zuwa Neist, ƙarshen tsibirin ta yamma, inda hasumiyar fitilar jiragen ruwa take tun 1909.

Rana ta uku ta duwatsun Cuillin ce, baƙaƙe masu kaifi kamar haƙoran zarto. Mafi tsayi a cikinsu, Sgurr Alasdair, mita 992 ne, an kuwa sa masa sunan Alexander Nicolson, ɗan tsibirin da ya hau shi a 1873. Wannan tsayi ba wani abin tsoro ba ne a takarda, amma duwatsun daga bakin teku suke tashi, ga santsi ga hazo, kuma akwai ƙarfe a jikinsu mai ruɗa allurar nuna alƙibla. Ba wurin ɗan koyo ba ne sai da jagora. Wanda ba shi da ƙafar hawa yana iya zuwa ƙauyen Elgol ya shiga ƙaramin jirgi a kai shi bakin tafkin Coruisk, wanda duwatsun suka kewaye, ya ga dabbobin teku masu kama da ayu suna shan hantsi a kan fa, wataƙila ma ya dace da babbar gaggafar teku, wadda ta ƙare a Birtaniya a farkon ƙarni na 20 aka sake kawo irinta daga Norway a 1975.

Sauran kwanaki kuwa ga yankin Sleat a kudu, mai itatuwa da kufan fadar zuriyar MacDonald a Armadale. Ga kuma tsibirin Raasay, tsallaken ruwa daga Sconser, inda wani manomi mai suna Calum MacLeod ya gaji da roƙon hukuma ta yi wa ƙauyensu hanya, ya ɗauki diga da shebur da baro ya shafe kimanin shekara goma yana fasa ta shi kaɗai, kusan mil biyu. A Kilmuir, can arewa, akwai kabarin Flora MacDonald, wadda a 1746 ta sa wa Yarima Charles Edward Stuart kayan mata ta tsallako da shi Skye a cikin kwale-kwale, bayan sojojin gwamnati sun murƙushe tawayensa a Culloden.

Asalin gidajen

Kusa da wannan kabari akwai gidan tarihin da ya kamata kowane mai haya ya shiga, domin nan zai ga kakan gidan da yake kwana a ciki. Ɗakuna ne gajeru na dutse, bango mai kauri, rufin ciyawa an danne shi da igiyoyi da duwatsu don kada iska ta yaye. A irinsu na dā mutane suna gefe ɗaya, shanu suna gefe ɗaya, wuta kuma tana tsakiyar ɗaki ba mafitar hayaƙi. Makamashinsu wata baƙar laka ce ta ruɓaɓɓen tsiro da ya taru shekaru dubbai, wadda ake yankawa kamar tubali a shanya a ƙona. Ana kiran waɗannan ɗakuna baƙin gida. Farin gida, mai shafen farar ƙasa da tagogi da bututun hayaƙi a kowane gefe, wanda hotonsa yake jawo baƙi a yau, daga baya ya zo. Dalilin zuwansa kuwa shi ne gundarin labarin.

A zamanin dā shugaban zuriya uba ne ga mutanensa, ƙarfinsa shi ne yawan mayaƙan da zai iya tarawa. Bayan yaƙin Culloden gwamnati ta karya wannan tsari, shugabannin suka rikiɗe suka zama masu ƙasa masu karɓar haya, suka koyi zaman Landan da Edinbara da tsadarsa, bashi ya yi musu katutu. Sai suka ga tunkiya ta fi talaka kawo kuɗi. Aka shiga tayar da ƙauyuka daga ƙasa mai kyau ana ba makiyayan tumaki, ana tura mutane bakin teku a kan 'yan gayaunai da ba su isa ci da iyali ba, ko kuma a zuba su a jirgi sai Kanada ko Ostareliya. A 1841 mutanen Skye sun haura 23,000. A 1846 ciwo ya faɗa wa dankali, abincin da suka dogara da shi, yunwa ta shigo, kora ta ƙaru. A 1853 wakilan Lord Macdonald suka fitar da mutanen Boreraig da Suisnish daga ɗakunansu da ƙarfi. Wanda ya taka da ƙafa daga wajen Broadford zuwa Boreraig a yau zai tarad da bangaye ba rufi, ciyawa ta tsiro a inda murhu yake, ba kowa sai tumaki. Kafin 1971 mutanen tsibirin sun ragu ƙasa da 8,000.

Tura ta kai bango a 1882. Manoman Braes, kudu da Portree, suka ce ba za su ƙara biyan haya ba sai an mayar musu da makiyayar dutsen Ben Lee da aka ƙwace. Da aka aiko da takardun kora suka sa aka ƙone su. Hukuma ta ɗauko 'yan sanda wajen 50 daga Gilasgo, mutanen ƙauye kuwa, mata a gaba, suka tare su da duwatsu da sanduna. Jaridu suka baza labari, Glendale ma ta ɗauka, aka ɗaure jagoranta John MacPherson, har ta kai an turo jiragen yaƙi da soja tsibirin a 1884. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Lord Napier a 1883, wanda ya fara sauraron shaida a Braes ɗin. A 1886 majalisa ta yi dokar da ta ce ba a korar mai gayauna muddin yana biyan haya, hukuma ce za ta yanke hayar da ta dace, yana iya barin gayaunar gado ga iyalinsa, in kuma ya tashi a biya shi gyaran da ya yi. Kafin wannan doka wanda ya gina gida mai kyau haya ya ƙara wa kansa, ko ya jawo a kore shi a ba wani. Da zama ya tabbata sai mutane suka fara gina farin gida. Wata doka ta 1976 kuma ta ba su ikon sayen gayaunar dungum. To, ɗan gidan da baƙo yake karɓar makullinsa a yau, sau da yawa a kan irin wannan ƙasa yake, wadda sai da aka fasa kawuna kafin a same ta.

Gardamar yau

Gayauna ba ta taɓa ci da gida ita kaɗai ba. Dole manomi ya haɗa da su, ko saƙa, ko aikin hanya. A zamanin nan baƙi ne suka zama babbar sana'a. An kiyasta cewa fiye da mutum rabin miliyan ne suka ziyarci tsibirin a 2019, watau kowane ɗan gari yana da baƙo fiye da 50. Iyalai da yawa sun gina sabon gida sun gyara na kakanni suna ba da haya, da kuɗin nan suke sayen abincin shanu, suke tura yara makaranta, suke iya zama a ƙasarsu maimakon ƙaura zuwa birni. Wannan alheri ne wanda ba mai musu.

Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun da gidan da aka ba baƙi na 'yan watanni yana kawo abin da ya fi hayar shekara ga ɗan gari, sai masu kuɗi daga nesa suka shiga sayen gidajen da aka sa a kasuwa, farashi ya yi sama, saurayi da budurwa 'yan tsibirin da suke son kafa gida suka kasa taya. Asibiti da makaranta da otal sukan ɗauki ma'aikaci ya rasa wurin kwana ya fasa zuwa. A waɗansu ƙauyuka, idan hunturu ya shigo, sai a ga tagogi da yawa ba fitila. Dattawan da suka san labarin Boreraig ba sa rasa abin tunawa, ko da yake yanzu ba ɗan sanda ba takardar kora, farashi ne kawai yake aikin.

Abin bai tsaya ga gidaje ba, ya taɓa harshe. A ƙidayar 1901 da ta 1921 babu gundumar Skye da masu jin Galik suka gaza kashi uku bisa huɗu. A 2001 sun koma wajen kashi ɗaya bisa uku na dukan tsibirin. An yi ƙoƙari ƙwarai: a 1973 Iain Noble ya kafa kwalejin Sabhal Mor Ostaig a cikin wani tsohon rumbu a Sleat, inda ake karatu mai zurfi da Galik zalla, a 2018 kuma aka buɗe firamare ta Galik a Portree. Sai dai harshe yana rayuwa ne a bakin yara a tsakar gida, yaran kuwa sai iyayensu sun sami gida a ƙauyen.

Gwamnatin Sikotlan ta ɗan taɓuka. Daga Oktoba 2022 aka fara tsarin lasisi ga masu ba baƙi hayar gida ta ɗan lokaci, aka ba tsofaffin masu sana'ar har Oktoba 2023 su nema. Daga Afrilu 2024 kuma aka ba ƙananan hukumomi ikon ninka harajin gida a kan wanda ya ajiye gida na biyu. Masu gidajen haya suna kukan an ɗora musu kaya, masu neman wurin zama suna cewa an yi kaɗan. Maganar gaskiya ita ce doka ita kaɗai ba za ta raba wannan gardama ba sai an gina sababbin gidaje masu araha ga mazauna, kuma sai baƙo ma ya san nasa rabon.

Ladabin baƙo

Rabon baƙo kuwa ba mai wuya ba ne. Ya nemi gidan da mai shi yake zaune a tsibirin, domin kuɗin ya tsaya inda aka kashe shi. Ya yi mako cikakke maimakon kwana ɗaya, ya sayi ƙwai da burodi da saƙar ulu a hannun mutanen ƙauye, in da hali ya zo a farkon shekara ko ƙarshenta lokacin da ciniki ya ja baya. A kan hanya ya tuna da hagu ake tuƙi, kamar yadda ake yi a Nijeriya kafin 1972, kuma hanyoyin ƙauye na mota ɗaya ne, da ɗan wurin kaucewa nan da can. Wurin kaucewa ba wurin ajiye mota a ɗauki hoto ba ne, gama wanda yake bayansa wataƙila malamar asibiti ce take sauri. Dokar 2003 ta ba kowa ikon ratsa daji da dutse da ƙafa, amma da sharaɗin ladabi: ƙofar shinge a bar ta yadda aka same ta, kada a firgita tumaki musamman a Afrilu da Mayu lokacin haihuwa, shara kuma kowa ya koma da tasa.

Ya kuma kula da ranar Lahadi. Mutanen nan sun yi suna wajen tsare ta, har a 1965 wani limamin coci mai suna Angus Smith ya kwanta a kan gangaren tashar Kyleakin don hana jirgin fito aiki a ranar, sai da 'yan sanda suka ɗauke shi. Yanzu abubuwa sun sassauta ƙwarai, amma akwai ƙauyukan da har yau ba a son hayaniya ko shanya a waje a ranar, kuma tambayar mai gida ba ta rage komai.

Hausawa suna cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Ranar Asabar da hantsi baƙo zai share gida, ya ajiye makulli, ya tsallaka gada, da yamma wani ya maye gurbinsa. Wanda zai ga guguwar Janairu, ya fita cikin duhu ya ba shanu ciyawa, ya kai yaro makaranta, shi ne ya sa tsibirin ya zama wurin da ya cancanci a zo gani, kuma shi ne ya kamata ya fara samun rufin kwana a cikinsa.